Amsa kan yaro mai hadda da dattijo mai jinkirin lissafi

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce ɗanki mai shekara 6 ya haddace izu biyar amma ba ya iya lissafin canjin riyal goma a baƙala, wato shagon unguwa a Jidda, Baba kuma mai shekara 72 ya fara jinkirin lissafi, kina tsoron ko lalura ce.

Yaron lafiyarsa ƙalau insha Allahu. Hadda tana zuwa da wuri, auna dalili kuwa sai daga baya. Jean Piaget, masani ɗan ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa yaron da bai kai 7 ba yakan bi abin da idonsa ya gani ne. Ki gwada: zuba ruwa daidai a kofi biyu iri ɗaya, sannan ki juye ɗaya cikin kofi dogo siriri yana kallo. Tambaye shi wanne ya fi yawa, zai ce dogon. Tsakanin 7 da 11 ne zai gane ruwan bai ƙaru ba, shi ma sai da abin da yake iya taɓawa. Don haka ki ajiye alli, ki ba shi dabino goma ya cire uku ya ƙirga saura. Duka ba ya gaggauta wannan, tsoron lissafi kawai yake dasawa.

Tunanin "da a ce", wato auna abin da ba ya gaban ido, yana tsiro wajen shekara 12, amma sashen gaban ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum birki ba ya gama nuna sai kusan 25. Shi ya sa saurayi zai kawo hujja mai kyau a gida, ya shiga abokai ya yi wauta.

Baba kuwa, saurin lissafi dama yakan ragu da shekaru, alhali sanin magana da iya sasanta mutane suna daɗewa. Jinkiri kaɗai ba cuta ba ne. Abin tsoro shi ne ya ɓata a hanyar masallacin unguwa, ko ya riƙa maimaita tambaya ɗaya. A fara duba kunnensa, domin tsohon da bai ji ba sai a zaci bai gane ba, a auna hawan jini da sukari.

In kuma ya rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, kar a ce tsufa ne. Ƙarancin ruwa a zafin Jidda ko cutar mafitsara na iya jawo haka. A kai shi asibiti a ranar.