Waken da ya haye katanga ya ƙi fure

Hajiya sannu da ƙoƙari. Na ga tambayarki, wai waken da kika shuka jikin katanga tun watan Yuni ya haye igiya ya yi ganye shar amma ko fure ɗaya babu, ko ki sassare shi. Don Allah aje wuƙar nan tukuna, ki fara tuna irin da kika shuka. In daga wanda kika auno a kasuwa don girki kika ɗiba, to ƙila Kanannado ne ko danginshi, su kuwa ba su fure sai yini ya fara gajarta wajen ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba, ko me za ki yi mashi a Agusta yaɗo kawai zai yi ta yi. Iri mai sauri shi ne kwana 40 zuwa 45 ya fara fure.

Sai taki, nan ni na sha kunya. Shekarar da na fara a bayan gidanmu nan Ƙofar Ƙaura na yi ta ɗura mashi yuriya wai ni mai gata, ganye ya fito kamar tafin hannu, abin da na tsinka wallahi bai cika gwangwanin madara biyu ba, akuyata ce ta ci riba da harawa. Tuge guda ki duba saiwar za ki ga wasu ƙananan ƙulalai, da su yake samo abincin da yuriyar ke badawa, takin awaki da ya ruɓe ya ishe shi.

Yankan kuma ba sara ba ne, tsinka ce. In ya kure igiyar ki sa farce ki cire ɗan kan nan mai laushi, sai ya fiddo rassa ta gefe. Ganyen ƙasa da ya yi rawaya ki cire iska ta shiga, amma bari raɓa ta bushe, taɓa shi a jiƙe na yaɗa cuta.

In kin ga tururuwa na hawa da sauka ki ɗaga ganyen, darɓa ce, wasu ƙananan ƙwari masu tsotse ruwan ganye. Ni ganyen bedi nake dakawa in jiƙa ya kwana, in tace in sa ɗan sabulu in fesa da yamma. Kuma kar ki kafa mashi karan dawa, nawa gara ta cinye gindin ya kife tsakiyar Agusta, gora nake sawa yanzu.