Farautar talotalon daji a Amurka: ta ina zan fara?

Ɗan'uwa, ka tambayi mafari da yadda ake dafa naman. Fara da lasisin jiharku. A bazara galibi namiji mai gemu kaɗai aka yarda a harba. Ka isa daji kafin asuba, ka jingina da bishiyar da ta fi kafaɗunka faɗi, ka kwaikwayi kukan macen. Idonsa kaifi gare shi, motsi kaɗan ya tsere. Kada ka sa ja, fari ko shuɗi, launin kansa ke nan, wani maharbin zai iya auna ka. Auni wuya da kai, kada nisan ya wuce mita 35.

Ƙirjin ba kitse: ya kwana cikin ruwan gishiri a firji, ka dafa shi, ka sauke da zafin cikinsa ya kai digiri 74 a ma'aunin Celsius. Cinyoyin kuwa tauri gare su, sai farfesu, awa 4 a ƙaramar wuta.