Tambayi Likita: Ƙuraje Bayan Dashen Ɓargo

Tambaya: Likita, an yi wa ɗana mai ciwon sikila dashen ɓargo a Indiya, kuma yayarsa ce ta ba shi. Kwana saba'in ke nan, sai ga ƙuraje masu ƙaiƙayi a tafin hannunsa da bayan kunnuwansa. Dangi sun ce ƙurajen zafi ne. Ta yaya ɓargon 'yar'uwarsa ta jini zai cutar da shi? Daga wata mai karatu a Gwammaja, Kano.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Kada ki jira ranar da aka ba ku, ki tuntuɓi likitocinsa yau, domin wannan yana iya zama abin da ake kira GVHD, wato yaƙin da ɓargon da aka dasa yake yi da jikin da ya karɓe shi.

Ɓargon yayarsa ya taho da sojojin garkuwar jikinta, musamman ƙwayoyin T, waɗanda aikinsu shi ne kai wa baƙo hari, ga shi kuma a wurinsu ɗanki ne baƙon. Ko da gwajin HLA, wato gwajin dacewar mai bayarwa da mai karɓa, ya nuna sun dace, akwai ƙananan bambance-bambance da sojojin suke ganewa. Fata kuwa tana da nata masu gadi, irin su ƙwayoyin Langerhans, masu ɗauke da sunan Bajamushen da ya gano su a 1868. Magungunan da ake bayarwa kafin dashe ba sa kawar da su duka nan take, kuma ragowar tana iya nuna wa sababbin sojojin sassan jikin yaron, sai faɗa ya kaure. Fata ce kan fara nunawa, galibi cikin kwana 100 na farko.

A baƙar fata jan da littattafai suke ambata ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi kaushi, shi ya sa ake ɗaukarsa ƙurajen zafi. Ki duba shi da hasken rana, ki ɗauki hoto kullum. Gudawa, ko idanu su yi ɗorawa, alama ce ta cewa abin ya taɓa hanji ko hanta.

Maganin farko shi ne sitiroyid, irin su prednisolone, idan kuma bai ji ba akwai ruxolitinib. Kada a shafa masa man kemis ko a jiƙa masa sassaƙe, kada a dakatar da maganin da aka sallame shi da shi, a kuma kare shi daga ranar Kano, domin tana tayar da ciwon.