Tuwon masara a fadar Rumfa

Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, kin tambayi me ake kiran kuskuren nan da marubuci kan cusa wa labarin zamanin da abin da mutanen lokacin ba su taɓa gani ba. Masu nazarin adabi na ce masa anakronizim, asalinsa Girkanci ne, "kronos" shi ne lokaci. Ni dai saɓanin zamani nake ce masa, kuma ban taɓa faɗa an kasa ganewa ba. Misalin da malamai suka fi bugawa shi ne wasan Julius Caesar na Shakespeare, inda agogo ya buga ƙarfe uku a birnin Rum, alhali sai bayan shekara fiye da dubu da kashe Kaisar aka ƙera agogo mai bugawa.

Sanin sunan ba wuya, kauce masa ne aiki. Ba wanda zai ba jarumin Shehu Ɗanfodiyo wayar salula a 1804. A tukunya da aljihu ake kama mu.

Na taɓa rubuta labari a Kanon Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Na sa kuyanga ta kawo tuwon masara da miyar da ta ji tattasai, har da ƙuliƙuli a gefe. Ina ta jin daɗi, wai na kawo gargajiya. Wani dattijo da na ba ya duba min ya zagaye wurin da jan biro, ya ce, "Yaro, wa ya noma musu?" Ashe masara, gyaɗa, rogo, tumatir, barkono da taba duk daga nahiyar Amurka suka fito, bayan tafiyar da Kolumbus, Bature matuƙin jirgin ruwa, ya yi zuwa can a 1492. Kunya kamar in nutse. Dole na koma kan gero da dawa, miyar kuka da daddawa, yajin kuma masoro da kimba. Gyaɗar na musanya ta da gujiya, ita ce tamu ta asali.

Kuɗi ma haka. Naira a 1973 ta zo, don haka ɗan kasuwan 1950 fam da sule da sisi ya sani, kakansa kuwa wuri yake ƙirgawa.

Wanda har yau yake kuɓuce min shi ne na baki. Sai in tsinci barde yana cewa "mu haɗu ƙarfe huɗu", mutumin da hantsi da azahar da la'asar ne agogonsa. A wane ƙarni kika ajiye naki labarin? Turo babin farko mu duba tukunyar tare.