Fili mai "'yar matsala kaɗan": in saya ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Dillali ya kai ni wani fili wajen Kumbotso, ƙafa hamsin da ɗari, awon igiya ne. A layin miliyan tara ake sayar da irinsa amma mai shi ya ce in kawo bakwai saboda babbar wayar wuta ta bi ta bayansa. Dillalin ya ce ba komai kowa ma gini yake a wurin, kuma wai akwai mai zuwa da kuɗi ran Juma'a. Kuɗin gadonmu ne ni da ƙanwata. Don Allah in saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Mai zuwa ran Juma'ar nan dai ka manta da shi, duk fili a Kano akwai mai zuwa da kuɗi ran Juma'a, dillali la'adarsa yake hange kuma ranar da aka zo aka shafa jan fenti a katangarka ba za ka same shi a waya ba.

Kafin maganar kuɗi, wace irin waya ce? Don ba ɗaya suke ba. Wadda ke kan falwayar siminti, mai 11kV ko 33kV, mita biyar da rabi ake bari kowane gefe, wannan da sauƙi. Amma in kan dogayen turakun ƙarfen nan take to ta TCN ce, wato kamfanin gwamnati mai kula da manyan layukan lantarki, mai 132kV mita 15 ake bari hagu da dama, mai 330kV kuwa mita 25 kowane gefe, hamsin kenan gaba ɗaya, kuma tunda ka ce Kumbotso ka san nan ne babban layin 330 da ya taso daga Mando ta Kaduna yake sauka, to kada ka yi zato, ka je ofishin TCN ka tambaya. Daga tsakiyar layin ake fara awo fa, ba daga inda ido ya ga waya ta ƙare ba.

To bari mu yi lissafi a kan misali. A ce mai 330 ce, kuma daga tsakiyarta zuwa iyakar filin ta baya mita 15 ne. Saura mita goma kenan da suka shigo cikin filin, wajen ƙafa 33. Ɗarinka ta koma 67. Kashi ɗaya cikin uku ya tafi, ba ɗaki ba shago ba doguwar bishiya. In cikakken fili miliyan tara ne, kashi biyu cikin uku miliyan shida ne, shi kuma ya ce bakwai, ka ga ba rangwame ya yi maka ba, tsada ma ya tsuga maka da sunan sauƙi. Kuma ko shidan ni ba zan bayar ba, don ranar da kai ma ka tashi sayarwa irin wannan tambayar mai saye zai yi, sai ka sake ragi, ga matarka ba za ta taɓa samun kwanciyar hankali ba duk sanda hadari ya taso ta ji wayar tana ƙugi. Biyar in ya yarda, in bai yarda ba Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Wannan ma in wayar ta bi ta gajeren gefen filin kenan. In kuwa ta tsawonsa ta bi, faɗin ƙafa hamsin mita 15 ne da 'yan kai, ka cire goma me ya rage? Wajen ƙafa 17, lungu kawai. Irin wannan ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunani, domin ba gida ne zai zauna a kai ba. Saboda haka ka ɗauki safiyo naka na kanka, ba wanda dillali zai kawo ba, ya auna ya zana maka iya inda za ka iya ɗora bulo, sai ka yi ciniki a kan wannan ɗin. Sannan tunda awon igiya ne, takardar mai unguwa da shaidu ba ta isa ba, ka kai lambobin wurin KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Kano, a duba ko gwamnati na da wani tsari a kansa, ka leƙa KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ka ji ko za su ba da izinin gini. Maganar "kowa na gini" kuwa ba hujja ba ce, ba a zo kansu ba ne kawai. Kuma kuɗin nan ba naka ba ne kai kaɗai, ka nuna wa ƙanwarka zanen safiyon ta gani da idonta kafin ka ba da ko kafin alƙalami.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni a Kaduna nake, na samu fili awon gwamnati a bakin titi, takardunsa lafiya, ina so in zuba shaguna in riƙa karɓar haya. Sai yarona da ya karanta takardar ya ce an rubuta na gidan zama ne. Mai filin ya ce wannan rubutu ne kawai, in na gina ba mai magana, kuma kuɗin da ya sa ya kusa ninka na filayen ciki.

Amsa: Hajiya Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya cece ki. Rubutun nan shi ne filin. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da yake ba mutum izinin zama ne da amfani, galibi shekara 99, da sharuɗɗa, kuma saɓa sharaɗin da ke cikin takarda yana cikin dalilan da doka ta yarda a soke ta. Mai filin yana sayar miki da na gidan zama a farashin na kasuwanci, wato yana karɓar kuɗin izinin da shi kansa bai samo ba. Cinikin biri a sama kenan.

Ana canja manufar fili, ba wai ba a yi ba ne, ana nema a biya kuɗi, amma ba dole ne a amince ba, musamman in titin ƙarami ne ko ba wurin ajiye motoci. Hanya biyu gare ki, ko ki biya kuɗin filin zama da ɗan ƙari saboda bakin titi ne ki ɗauki kasadar da kanki, ko ki ce masa ya je ya canjo takardar sannan ki biya abin da ya ce. In ya tabbata rubutu ne kawai ai ba zai masa wuya ba. Ki tura lauya KADGIS, hukumar bayanan filaye ta Kaduna, ya binciko fayil ɗin, a ga ko sunansa ne a kai, ko an jinginar da shi a banki, ko akwai bashin harajin ƙasa da ya taru, don in kin saya bashin ke zai bi, sai a cire shi daga kuɗin tun yanzu. A duba ko an ba da wa'adin da dole a gina, irin takardun nan da yawa suna da shi, in ya wuce shi ma wata barazana ce. Sannan mayar da takarda sunanki sai da amincewar gwamna, shi ma kuɗi ne, ki sa shi a lissafi. KASUPDA kuma, hukumar tsara birane ta Kaduna, su za ki tambaya nawa za ki ja baya daga titi, don shaguna shida da kike ƙirgawa a rai suna iya komawa huɗu.

Tambaya: Yallaɓai akwai fili da araha a gefen babbar hanyar tarayya, an ce za a faɗaɗa ta. Abokina ya ce mu saya mu yi ɗan gini, in aiki ya zo mu ci diyya. Ya kake gani?

Amsa: Ban ga alheri a ciki ba gaskiya. Hanyar tarayya tana da haƙƙinta, mita 45.72 daga tsakiyar titi kowane gefe, duk abin da ya faɗa ciki dama ba na mai sayarwa ba ne balle ya sayar maka. Ko filin naka ne halak malak da takarda, in gwamnati ta karɓe don amfanin jama'a, dokar 1978 ɗin nan a kan abin da ka gina ko ka shuka take biyan diyya, ba a kan farashin da ka sayi ƙasar ba, ginin da ba izini kuwa sai dai ka yi ta zarya. Ka tuna rusau ɗin Kano na 2023, shagunan Filin Idi da ginin tsohon otal ɗin Daula, masu su ai da takardun da gwamnatin baya ta ba su a hannu kuma katafila ta bi ta kai, balle kai da za ka shiga da saninka. In abokin naka ya matsa, ku je da tef ku auna daga tsakiyar kwalta, abin da ya rage bayan mita arba'in da shida shi za ku taya, in ya isa a yi wani abu da shi.