Ga mai son sauya wa Golf 3 inji

Malam, ka ce Golf 3 ɗinka mai inji 1.8 ba ta ja idan ta ɗau kaya, kana tunanin ɗora mata injin VR6 mai silinda shida. Ni dai ban ba ka shawara ba. VR6 2.8 na da ƙarfin doki 174, amma nauyi gare shi, ga shan mai, kuma sai ka sauya giyabos da lagireto da birki da shokozoba na gaba. Kuɗin zai kusa sayen wata motar.

Nemi injin 2.0 na Golf 3 samfurin GTI, mai bawul takwas, doki 115. Yana zama daram a mazaunin tsohon. Amma kada ka yarda a sayar maka da inji tsirara. Ka haɗo da wayarin ɗinsa da birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Sai famfon fetur ɗinsa: na 1.8 ba ya turo mai da ƙarfin da nozul huɗun 2.0 ke buƙata, nan wasu makanikai ke tuntuɓe, mota ta riƙa shaƙewa a kan tudu.

In a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za ka saya, tafi da makanikinka, ku buɗe murfin baƙin mai na injin ku leƙa. In kun ga kumfa fari-fari kamar madara, ku bar shi.