Amsa: Dullahan a wasan D&D (Dungeons & Dragons, wasan da 'yan wasa ke zama jaruman labarin da mai jan wasan ya tsara)

Malam ka tambaya ko ka sa Dullahan ya zama dodon da 'yan wasanka za su sare. Don Allah kar ka mai da shi abin sara kawai, ɓata shi za ka yi wallahi. A tatsuniyoyin Ailan ai mai shelar ajali ne, yana kan baƙin doki ba kai a wuyansa, yana riƙe da kan a hannu, bulalarsa ƙashin bayan mutum, inda duk ya tsaya ya kira suna to mai sunan ya mutu, kuma ba ƙofar da ke tare shi, kwaɗo da kansa yake buɗewa. Wanda ya leƙa shi ma sai ya watsa masa jini ko ya tsiyaye masa ido da bulala.

Ni da ni ne, zan bari 'yan wasan su san wanda Dullahan zai kira tun da wuri, in ba su dare uku su nemi mafita. Zinariya yake tsoro, ko ɗan fil na zinariya ne yakan kore shi, amma kar ka faɗa musu, bari wata tsohuwa a ƙauye ta tsegunta musu in sun tambaya da ladabi.